Raunin wuya, maƙogwaro da ƙirji: yadda za ka gane mai haɗari tun kafin a kai ga hoto

Wata rana da la'asar aka shigo mana da wata budurwa, yayanta na biye da ita riƙe da jakarta. A bayan babur take, bakin gyalenta ya shiga tayar baya, ya naɗe, ya fizgo ta ƙasa ta wuya. Da ƙafarta ta shigo. Babu jini ko ɗigo a wuyan, sai wani jan shati da ya zagaye shi kamar an ɗaura zare, sai kuma ƙujewa a gwiwa. Yayan ya ce, "Likita, gwiwar kawai za a wanke mata, sauran da sauƙi." Na ce, "Ƙanwata, ya sunanki?" Ta buɗe baki, muryar ta fito a dushe kamar ta wadda ta kwana uku tana mura. Na tambayi yayan ko dama haka muryarta take, ya ce a'a, da safe ma lafiya lau suka yi hira. Da na ɗora yatsu a gefen wuyanta sai na ji ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin fata. Ban ko taɓa gwiwar ba. Muka sa ta a mota a zaune zuwa babban asibiti, aka tarar guringuntsin maƙogwaronta ya karye. Kafin isha wuyan ya kumbura har sai da aka buɗe mata hanyar numfashi ta gaban wuya.

Tun daga ranar ba na yarda da abin da ido ya gani shi kaɗai a wuya da ƙirji. A wannan ɗan wuri bututun iska yake, bayansa bututun abinci, a gefe biyu manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa da masu dawo da shi, can baya kuma ƙashin wuya da lakar da ke cikinsa. Bututun iskar babban mutum bai wuce santimita 10 zuwa 12 ba, zobban guringuntsi 16 zuwa 20 ke riƙe da shi a buɗe, sannan ya rabu biyu a cikin ƙirji, reshe guda ga kowane huhu. Hujin da kan yatsa zai rufe a waje yana iya ratsa uku daga cikin waɗannan.

Abin da zan bi da kai shi ne tsarin da ake koya wa ma'aikatan ɗakin gaggawa a duniya. Asalinsa wani likitan ƙashi ne Ba'amurke, James Styner, wanda ƙaramin jirginsa ya faɗi da shi da iyalinsa a Nebraska a 1976. Irin kulawar da suka samu a wani ƙaramin asibitin karkara ita ta sa shi da abokan aikinsa suka fara koyar da wannan tsari a 1978. Jigonsa shi ne ka fara neman abin da zai fi saurin kashe mutum, ka magance shi, sannan ka matsa gaba. Yana amfanar ma'aikacin ƙaramin asibiti, yana kuma amfanar direba ko ɗan kasuwar da ya riga kowa isa wurin hatsari.

Da farko, sa shi ya yi magana

Idan akwai jinin da ke tsartuwa ko kwarara, shi ne kan gaba: sa safar hannu ko leda, ɗora tsumma mai tsabta, danna da ƙarfi a daidai wurin, kada ka ɗaga don leƙawa. Kada a naɗa bandeji ya zagaye wuya, kada kuma a danne gefe biyu na wuya lokaci guda, domin ƙwaƙwalwa za ka hana jini. Raunin wuya a rufe shi ruf, saboda jijiyar da ta tsage a nan tana iya zuƙar iska ta kai zuciya.

Daga nan ka tambaye shi sunansa da abin da ya faru, ka kasa kunne. Wanda ya amsa da cikakkiyar jimla, da muryarsa ta kullum, hanyar iskarsa a buɗe take a wannan lokacin, kuma jini na isa ƙwaƙwalwarsa. Muryar da ta dushe ko ta ɗauke tana nuna maƙogwaro ya taɓu, shi ya sa nake tambayar 'yan'uwa, su suka san muryarsa ta asali. Kakari kamar mai kurkure baki yana nufin jini ko amai ya taru a maƙoshi. Minshari ga wanda ya suma yana nufin harshe ya faɗa baya. Wadda ta fi tsorata ni ita ce siririyar ƙara mai kama da fito da ke fita lokacin da yake jan numfashi ciki. Wannan alama ce hanyar ta riga ta matse ƙwarai, saura kaɗan ta toshe.

Ka lura da yadda ya zaɓi ya zauna. Mai raunin maƙogwaro da ke cikin hayyacinsa yakan ƙi kwanciya, ya zauna ya sunkuyo gaba, miyau ko jini na dalala saboda haɗiya na masa zafi. Bar shi a haka. Na sha ganin 'yan'uwa, cikin tausayi, suna danne mutum don ya kwanta ya huta, alhali zaman nan shi ke riƙe da ransa.

Wanda ya faɗo daga babur, ko daga bishiya, ko mota ta kife da shi, ka ɗauka ƙashin wuyansa ya karye har sai an tabbatar da akasin haka. Mutum guda ya durƙusa ta wajen kansa, ya riƙe kan da hannu biyu daidai da gangar jiki. Idan ya suma yana minshari, a turo muƙamuƙinsa gaba ba tare da an ɗaga kan baya ba. Ciwo a tsakiyar ƙeya idan an danna, mutuwar hannu ko ƙafa, jin kamar tururuwa na yawo a jiki, duk suna ƙara zargin. Rashinsu ba hujja ba ce ga wanda ya bugu, ko ya ruɗe, ko wani babban ciwo ya ɗauke masa hankali.

Wuya: duba, taɓa, amma kada ka tona

A kwance rawani, a cire gyale, a buɗe wuyan riga, a duba gaba da baya da haske mai kyau. Likitoci sun raba wuya gida uku. Na ƙasa ya tashi daga gindin wuya zuwa ɗan ƙasa da zakaran wuya, na tsakiya daga nan zuwa kusurwar muƙamuƙi, na sama daga nan zuwa gindin ƙoƙon kai. Na tsakiya ya fi yawan samun rauni, ya kuma fi sauƙin kai wa a tiyata. Na ƙasa ya fi ɓoye ɓarna, don jininsa na iya zuba cikin ƙirji ba a gani. Idan za ka yi wa likita bayani a waya, faɗa masa gidan da raunin yake, zai gane da me zai shirya.

Akwai alamun da in ka ga ko da guda ɗaya ne, babu sauran jira ko bincike a ƙaramin asibiti, sai ɗakin tiyata: iska na fita daga raunin tana kumfa da jini duk lokacin da ya numfasa, jini na zuba ya ƙi tsayawa, kumburin da ke ƙaruwa a gaban idonka ko yake bugawa kamar zuciya, wannan ƙarar fito, aman jini ko tarin jini mai yawa, ɓarin jiki da ya mutu ko baki da ya karkace. Akwai kuma masu laushi, irin su 'yar dushewar murya, zafin haɗiya, ɗan jini a kaki, kumburin da ya tsaya wuri guda. Waɗannan suna ba ka lokaci, amma lokacin kai shi inda za a bincika ne, ba na sallama ba. Ni nakan zagaye bakin kumburin da biro in rubuta lokaci a gefe. Bayan minti goma shatin zai gaya maka gaskiya.

Sai taɓawa. Shafa wuya da saman ƙirji a hankali da kan yatsu. In iska ta ɓalle daga bututu ko huhu ta shiga ƙarƙashin fata, za ka ji ƙaras-ƙaras kamar ana murza busasshen ganye a cikin leda. Wanda ya taɓa ganin mahauci ya hura akuya kafin fiɗa ya san kamanninsa. Wani lokaci iskar takan hau har fuska, idanu su rufe. Taɓa zakaran wuya: in ya baje, ko kana jin gutsattsari na motsi, ga dushewar murya, ga iska a ƙarƙashin fata, to maƙogwaro ya karye. Sannan sa yatsa a ɗan ramin gindin wuya ka ji ko bututun yana tsakiya ko ya kauce gefe.

Abin da ba a yi: ba a cusa yatsa, auduga ko ƙarfe a raunin wuya don a ga zurfinsa. Gudan jinin da ya toshe jijiya za ka ture. Akwai wata siririyar tsoka shimfiɗe a ƙarƙashin fatar wuya. Duk raunin da ya wuce ta, na likitan tiyata ne, kada a ɗinke bakin raunin a ce an gama. Wuƙa, kibiya ko ƙarfen da ya maƙale a bar shi inda yake, a tallafe shi da tsumma kada ya motsa. Toka, ƙasa, gishiri da man birki ba su da gurbi a nan. Ruwan sha ma a hana, ko ya roƙa, domin ƙila tiyata ke gabansa, ƙila kuma bututun abincin ya huje.

Ƙirji

A yanke rigar, kada a tsaya cirewa. Mace a kare mata mutunci da zane, a samu mace ta tsaya, amma dole a duba; kunya ta sha ɓoye sukar wuƙa a ƙarƙashin nono. A duba hammata, a mirgina shi gaba ɗaya kamar gungume a duba baya. Tsaya ta wajen ƙafafunsa ka kalli ƙirjin: ɓangarorin biyu suna tashi tare? Ƙirga numfashi na minti guda cikakke. Babba mai lafiya yana yin 12 zuwa 20. Wanda ya haura 30, ko ya faɗi ƙasa da 10, yana cikin haɗari. A fatarmu baƙa ba a saurin ganin canjin launi, don haka duba harshe, dasashi da cikin leɓe. 'Yar na'urar auna oksijin na jini da ake maƙalawa a yatsa tana taimako, ana so ta nuna 94 ko sama, sai dai baƙin lalle, fentin farce da sanyin hannu suna ruɗa ta. In lambarta ta yi kyau amma mutum na haki yana zufa, yarda da mutumin.

Saurari kowane gefe a sama da kuma ƙarƙashin hammata, kana gwada dama da hagu. Sannan ka ƙwanƙwasa: shimfiɗa yatsan tsakiya a kan ƙirji, ka buge shi da na ɗaya hannun, yadda ake ƙwanƙwasa jarka a san inda ruwa ya tsaya. Inda iska ta taru zai amsa kamar ganga, inda jini ya taru zai yi dum kamar cikakkiyar jarka. Da waɗannan kaɗai ma ana iya rarrabe manyan raunukan ƙirji masu kisa.

Na farkonsu iska ce da ta tsere daga huhu ta taru a cikin ƙirji ba ta da mafita. Kowane numfashi na ƙara ta, ta matse huhun, ta tura zuciya gefe, jini ya kasa dawowa. Mutum zai riƙa fafutukar neman iska, bugun jini ya yi sauri, awon jini ya faɗi, gefe guda ya yi shiru ya kuma amsa kamar ganga, jijiyoyin wuya su cika su miƙe. Kaucewar bututun iska zuwa ɗaya gefen takan zo a makare, kada ka jira ta. Wannan ba a kai shi hoto. Ma'aikacin da aka horar yakan soka babbar kanula, irin allurar nan da ake sa ƙarin ruwa da ita, a gefen da abin yake, a babba tsakanin haƙarƙari na huɗu da na biyar ko na biyar da na shida, gaba kaɗan da tsakiyar hammata. A yaro tsakanin na biyu da na uku ta gaba. Iskar ta fita fuu, daga baya a sa robar ƙirji, wato bututun roba da ake zurawa cikin ƙirji a jona shi da kwalbar ruwa don iska ko jini su fita.

Na biyu huji ne a bangon ƙirji da ke zuƙar iska, kana jin shi yana tsotso yana kumfa. In faɗinsa ya kai kashi biyu cikin uku na faɗin bututun iska, iskar ta fi son bi ta nan a kan ta bi ta hanci. A rufe shi da leda mai tsabta a manne gefe uku, a bar na huɗu don iska ta samu mafita. Wanda ya manne duka huɗun yana iya mayar da shi irin na farko. In ka ga ya ƙara rikicewa bayan an rufe, ɗaga ledar.

Na uku jini ne da ya cika gefe guda. Shiru ne a gefen, amma ƙwanƙwasa ta ba da dum, jijiyoyin wuya a kwance, jiki ya yi sanyi, ga ƙishirwa da zufa. Idan aka sa roba jini ya fito mililita 1,500 nan take, wato ledar fiya-wata uku, ko ya ci gaba da fita mililita 200 a kowace awa har awa biyu zuwa huɗu, sai an buɗe ƙirji.

Sai wanda haƙarƙari biyu ko fiye da ke jere suka karye, kowanne a wuri biyu, irin na direban da sitiyari ya daka ko wanda sa ya taka. Ɓangaren ya rabu da sauran, yana lotsawa ciki lokacin da ƙirji ke buɗewa. Da farko tsoka kan ƙanƙame ta ɓoye wannan motsi, sai ya gaji ya bayyana. Ainihin haɗarin huhun da ya daku ne a ƙarƙashi.

Na ƙarshe jini ne a cikin jakar da ta lulluɓe zuciya. Duk sukar da ta faɗa tsakanin kan nono biyu, daga gindin wuya zuwa bakin haƙarƙari, gaba ko baya, ka zarge shi. Alamunsa uku da likita Claude Beck ya bayyana a 1935 su ne faɗuwar awon jini, cikar jijiyoyin wuya da dushewar sautin zuciya, amma ba kasafai suke haɗuwa ba, kuma wa zai ji dushewar sauti a ɗakin da ake koke-koke? Abin da ke raba shi da na farko, wato iskar da ta taru a ƙirji, shi ne a nan iska na shiga huhu biyu daidai.

Kada awon jini mai kyau ya kwantar maka da hankali. Saurayi mai ƙarfi yana iya rasa kusan kashi 30 cikin ɗari na jininsa kafin awon ya faɗi. Bugun da ya haura 100, hannu mai sanyi, da rashin natsuwa su ke riga zuwa. Mutumin da ke zage-zage yana fizge-fizge bayan hatsari, kafin ka ce maye ne ko rashin kunya, ka ɗauka iska ko jini ne ba sa isa ƙwaƙwalwarsa.

Hoto da sauran bincike

Wanda numfashinsa ko jininsa bai daidaita ba, ba a tura shi hoto, balle a garin da sai an hau Keke an tsallaka unguwa kafin a kai wurin eksire. Wanda ya daidaita a yi masa hoton ƙirji, a zaune in ƙashin bayansa ya ba da dama, domin hoton kwance yana ɓoye iska da jini. A nemi huhun da ya motse, jinin da ke fitowa fari a ƙasan hoton, iska a wuya ko kewayen zuciya, da faɗin tsakiyar ƙirji. In ya wuce santimita 8 ana zargin babbar jijiyar da ta fito daga zuciya ta tsage. Na'urar sikanin nan da ake duba masu juna biyu da ita, a hannun wanda ya iya, tana nuna jini a jakar zuciya, a ƙirji da a ciki cikin 'yan mintuna, ta ma fi hoton kwance gano iska. Ina ganin kowane babban asibiti ya kamata ya koya wa ma'aikatan gaggawarsa wannan. Sikanin CT da ake yi da allurar rini shi ke fayyace jijiyoyin wuya da na ƙirji.

Tsagewar bututun iska a cikin ƙirji ba ta da yawa, kuma da dama daga masu ita ba sa isa asibiti da rai. A hatsarin mota takan faru cikin santimita biyu da rabi daga inda bututun ya rabu, ta fi kuma faɗa wa reshen dama. Babbar alamarta: an sa robar ƙirji, kwalbar na ta tafasa da kumfa ba ƙaƙƙautawa, huhun ya ƙi buɗewa, iskar ƙarƙashin fata na ƙaruwa. Ana tabbatar da ita ne da siririyar na'ura mai kyamara da ake zurawa cikin bututun, wadda galibi sai a asibitin koyarwa.

Masu ɓuya su fito daga baya

Hujin bututun abinci yakan yi shiru ranar farko, sannan zazzaɓi, zafin haɗiya da ciwon ƙirji su taso. In aka wuce awa 24 ba a gano ba, haɗarin mutuwa na ƙaruwa sosai. Ana gano shi da hoton da ake ɗauka mutum na haɗiyar ruwan rini, ko da kyamara. Jijiyar wuyan da bel ɗin mota, igiya ko hannun mai shaƙewa ya murje tana iya kawo shanyewar ɓarin jiki bayan awanni. Huhun da ya daku yakan fito tas a hoton farko, ya ta'azzara cikin awa 24 zuwa 48. Yaro haƙarƙarinsa na lanƙwasa ba ya karyewa, don haka rashin karaya a hotonsa ba ya wanke huhunsa. Karayar haƙarƙarin ƙasa a dama ta sa ka tuna da hanta, a hagu da saifa, kuma duk sukar da ke ƙasa da kan nono tana iya zama ta shiga ciki. Saboda waɗannan ne ake sake awo kowane minti 5 ga wanda ke cikin haɗari, kowane 15 ga wanda ya daidaita, ana kuma maimaita hoto bayan kamar awa shida ga wanda aka soka ko da ya ce garau yake.

Mai karayar haƙarƙari guda da aka sallama, a ba shi maganin ciwo isasshe, ya riƙa jan dogon numfashi yana tari yana rungume da matashi. Ina girmama masu ɗori a abin da suka iya, amma ɗaure ƙirji tamau yana hana huhu buɗewa, ya jawo ciwon huhu, musamman ga tsofaffi. Zazzaɓi, ƙaruwar haki, tarin jini ko canjin murya, a dawo ko da tsakar dare ne.

Tura shi gaba

A Najeriya lambar jami'an kiyaye haɗurra ita ce 122, ta gaggawa ta ƙasa 112. Dokar lafiya ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, dokar 2017 kuma ta wajabta kula da wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Kada tsoron wannan ya sa a ɓoye mutum a gida. Kira asibitin da za ka tura kafin mota ta tashi. A sa masa oksijin in akwai, a sa kanula biyu manya, a lulluɓe shi kada ya yi sanyi. In yana zubar da jini kuma akwai allurar tiranekzamik mai rage zubar jini, amfaninta cikin awa uku na farko ne. Ma'aikaci ya shiga motar ya zauna kusa da kansa, ba gaba wajen direba ba.

A takardar ka rubuta ƙarfe nawa abin ya faru, me ya same shi, abin da ka gani, awon farko da na ƙarshe da lokutansu, abin da ka ba shi, da lokacin da ya ci abinci na ƙarshe, don mai sa barcin tiyata zai tambaya. Daga cikin 'yan'uwan da suka cika harabar, zaɓi matasa biyu ko uku masu lafiya su bi motar, saboda da wuya a can ba a nemi jini ba.